Muhawara: Mene ne ainihin aikin farfesan da ke jagorantar tonon tsofaffin birane?

Ɗan Dilimi: Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Tambaya gare ni. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na nan Jos zai ga kawunan Nok, tsofaffin gumakan yumɓu, a cikin gilashi da ɗan bayani a ƙasansu, amma ba a faɗin yadda aka yi suka fito daga ƙasa. Yaya mutum yake zama farfesa a wannan fanni? Kuma in an ce farfesa wane yana jagorantar tonon tsohon birni, irin su Surame ko Gazargamu, me yake yi daga safe zuwa yamma? Shi ma diga yake riƙewa?

Malam Na Gangare: Wa alaikumus salam. Diga kam yakan riƙe, amma ba ita ke kai shi kujerar ba. Hanyar dai ita ce digiri na farko na shekara huɗu a sashen binciken kufai, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Ibadan, ko Nsukka, ko nan Jos, kuma a cikinsa dole ɗalibi ya fita aikin fili. Sai digiri na biyu, sai na uku. In jami'a ta ɗauke shi, zai bi matakala daga ƙaramin malami har babban malami, sannan mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma a ƙa'ida ba a tsallake mataki sai an yi aƙalla shekara uku a kansa. A matakai biyun ƙarshe ana tattara rubuce-rubucensa a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna ba tare da ya san ko su wane ne ba. Farfesa yana ajiye aiki yana da shekara 70.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ƙarin girma da yawan abin da ka wallafa ake ba da shi, shi kuwa tono ba ya haihuwa da wuri. Wanda ya zagaya ƙauye ya yi hira da masu ginin tukwane zai iya fitar da maƙala cikin wata uku. Wanda ya buɗe rami a kufai sai ya jira kuɗi, ya jira izini, ya jira sakamakon gwaji daga ƙasar waje. Shi ya sa za ka ga mutum ya kai farfesa amma bai taɓa gama tonon wuri guda ya buga cikakken rahotonsa ba.

Dokta Uwani: Malam ya taɓo wurin. A duba manyan da suka kafa fannin a ƙasar nan. Thurstan Shaw ya tona Igbo-Ukwu, a jihar Anambra ta yanzu, a 1959 zuwa 1960, ya koma a 1964. Tonon kansa 'yan watanni ne, amma rahoton, mujalladi biyu, sai a 1970 ya fito. Shi ne kuma ya kafa sashen a Jami'ar Ibadan. Graham Connah ya tona tudun Daima a Borno a 1965 da 1966, littafin da ya tattara aikin yankin tafkin Chadi bai fito ba sai 1981. Ekpo Eyo kuwa, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci hukumar kayan tarihi tun 1968, ya tona Ife da Owo yana kuma riƙe da ofis, sai da ya bar hukumar a 1986 ya koma koyarwa a Jami'ar Maryland ta Amurka.

Dalilin wannan jinkiri guda ne: tono rushewa ne. Likita zai iya sake gwajin jini, mai tono ba zai iya mayar da ƙasar da ya kwashe yadda take ba. Abin da ya rage bayansa shi ne littafin fili, da zane, da hoto, da leda mai lamba. To farfesa shi ne wanda alhakin waɗannan ke wuyansa.

Alhaji Bukur: Ɗan gyara ga mai tambaya, kada a haɗa Nok da birni. Kayan Nok na farko a ramin kuza aka same su a 1928, Bernard Fagg ya gane cewa salo ɗaya ne a shekarun 1940, shi ne kuma ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Wuraren Nok da aka tona daga baya ƙanana ne, gida-gida a warwatse a kan tuddai, babu ganuwa, babu fada. Birni wani abu ne daban, kuma tononsa ma daban ne.

Ɗan Dilimi: Na gode Alhaji. To a ce ga kuɗi a hannu, ga Surame. Da me ake farawa?

Malam Na Gangare: Da takarda ake farawa, ba da ƙasa ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana kowa tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, tare da amincewar gwamnatin jihar. Ana rubuta wa hedkwatarta a Abuja, a bayyana wurin, da tambayar da ake son amsawa, da waɗanda za su yi aikin, da inda za a ajiye kayan. Fitar da ko da ɗan gawayi ne zuwa ƙasar waje don gwaji, shi ma da nasa izinin.

Bayan nan sai fada. Sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, sannan mai gonar da ramin zai faɗa cikinta. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu zai gamu da shi a mako na biyu, lokacin da lebura suka daina zuwa ba tare da kowa ya faɗi dalili ba. A yi magana kan diyyar gona tun farko, a kuma faɗa a fili cewa za a cike ramin in an gama.

Lokaci kuma, bayan an kawar da amfanin gona ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Ciyawa ta bushe ana ganin tsingaro a ƙasa, hanya tana biyuwa, zafi bai kai ga hana aiki ba. Ruwan sama guda ya isa ya zubar da bangon rami ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa. Matsalar ita ce wannan lokaci yana cin karo da zangon karatu, don haka farfesa sai ya nemi a sake shi, ko ya jira hutun shekara da ake ba malamai don bincike.

Baba Safiyo: Ni a wajena, farfesan kirki ba ya sa cokali a ƙasa a shekarar farko. Taswira yake yi. Birni irin Surame, wanda Muhammadu Kanta ya yi wa ganuwa a ƙarni na 16, faɗinsa ya fi ƙarfin a tona ko kashi ɗaya cikin ɗari. Saboda haka zaɓen inda za a buɗe shi ne rabin aikin.

Ana fara da hoton tauraron ɗan adam, a bi layin ganuwa da ƙofofi da tsofaffin kududdufai. Sai a jera ɗalibai, tsakanin kowane da ɗan'uwansa mita 10 zuwa 20, su taka filin a layi suna rubuta abin da suka gani da lambar GPS: tsingaro, kashin maƙera, dutsen niƙa, bakin rijiya, karofin marina, tarin juji. Ba a kwashe komai, samfuri kawai ake ɗauka. Kuka da yawa a wuri guda ita ma alama ce.

In akwai hali, sai na'urar maganaɗisu. Tana jin inda wuta ta ƙone ƙasa da inda aka haƙa rami ya cike. Fagg ya yi amfani da irinta a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960, aka gano murahun narka tama fiye da goma. A Zilum, arewa da Maiduguri, ita ce ta nuna gwalalon da ya kewaye gari mai faɗin hekta 12 ko fiye, na wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), alhali a ido ba a ganin komai sai fili. Amma tana da iyaka. A kan marmara mai ƙarfe ko duwatsu irin namu na Filato sai ta yi ta hayaniya. Gwangwani, waya, tsohuwar garma, duk suna ruɗa ta. Mai riƙe da ita ma sai ya cire makulli da bel da wayar hannu.

Shata rami kuwa, a kafa turke guda na siminti wanda duk awo zai koma kansa, a wurin da garma ba za ta tumɓuke shi ba. Kusurwa da awon 3, 4, 5 ake fitar da ita: mita uku nan, huɗu can, in tsakaninsu ya ba da biyar to ta miƙe. Ramin mita 2 da 2, daga kusurwa zuwa kusurwa dole ya ba da mita 2.83. Ƙusoshin igiya a ja su baya kaɗan daga bakin rami, in ba haka ba ranar da baki ya zube sun tafi da awonka.

Ɗan Naraguta: Baba ya gama da sama, bari in shiga ciki. Ana sauka da santimita goma-goma. A ramin mita 2 da 2, kowane santimita goma lita 400 ne na ƙasa, wato bokiti 40 na lita goma, har da ƙari don ƙasa tana kumbura in an fasa ta. Duk sai ta bi ta rariya, yawanci mai ido milimita 5, a koma mai milimita 2 in ana zaton duwatsun wuya. Mutum biyu a ciki, biyu a kan rariya, ɗaya da kwanon sarki ko baro, ɗalibi ɗaya yana rubutu. In an cusa mutane fiye da haka sai su riƙa tattake abin da ake nema.

Dokta Uwani: A nan ne ba mu jitu ba, Ɗan Naraguta. Goma-goma a birni ɓarna ce. Mutanen birni suna haƙa rijiya, da shadda, da ramin ɗibar ƙasar gini, da kabari, su cike su da sharar zamaninsu. Ramin da aka haƙa a ƙarni na 18 zai iya ratsa daɓen ƙarni na 15. In ka yanka a kwance da santimita goma, lofen shan taba zai fito a leda ɗaya da tukunyar da ta girme shi da shekara ɗari uku, sai ka rubuta cewa tare suka rayu. Ita kuwa taba daga nahiyar Amurka ta zo, ba ta yaɗu a nan ba sai wajen 1600, shi ya sa lofe yake zama ma'auni. Ƙa'ida ita ce a bi kowane shimfiɗin ƙasa yadda ya kwanta, a ba shi lambarsa. In an ga rami, a kwashe cikinsa shi kaɗai tukuna kafin a taɓa abin da ya ratsa. A ƙarshe a zana jadawalin wane ne a kan wane, irin wanda Edward Harris ya tsara a 1973.

Ɗan Naraguta: Ranki ya daɗe, a littafi haka ne. A fili kuwa, ginin ƙasa in ya narke ƙasa yake komawa, launi ɗaya daga sama har mita biyu. Ga gara ta yi ta hawa da sauka da ita shekara ɗaruruwa. Ga hunturu, kina kankare wuri cikin minti goma ya bushe ya yi fari fat. Ɗalibin aji uku ba zai ga iyakar da babu ita a ido ba, in an tilasta masa sai ya ƙirƙira. Goma-goma aƙalla tana hana ƙarya.

Malam Na Gangare: Ku biyun kuna da gaskiya, kuma a aikace haɗa su ake yi: a bi shimfiɗi inda yake ganuwa, in ya yi kauri ba alama a raba shi goma-goma a cikinsa, da an ga canji a tsaya. Batun bushewa kuwa maganinsa famfon feshi irin na manoma, wanda bai taɓa ganin magani ba, a fesa ruwa sama-sama a bangon rami da sassafe kafin rana ta ɗaga. A lokacin ne layin tubali da toka da daɓe suke fitowa, a lokacin ake ɗaukar hoto da zane. Zanen bango ɗaya bisa goma, na shimfiɗa ɗaya bisa ashirin.

Wannan shi ne amsar tambayarka ta daga safe zuwa yamma, Ɗan Dilimi. Farfesa yana zagaya ramuka, ya sauka da cokalin birkila ya kankare kusurwa, ya ji da hannu ko ƙasar ta canja tauri, ya yanke hukunci: a ci gaba, a tsaya, a faɗaɗa. Hukuncin nan ba ya komawa baya. Da la'asar ya duba ledoji, da dare ya karanta littafin kowane ɗalibi, don abin da ba a rubuta yau ba gobe an tone wurin. Tsakanin nan kuma shi ne mai biyan lebura, mai neman tankar ruwa, mai raba faɗa, mai karɓar baƙi daga fada.

Baba Safiyo: A ƙara da zurfi, don shi ne ke kisa. Daima ya haura mita goma. Rami in ya wuce ƙirjin mutum, wajen mita 1.2, a ƙasa mai yashi ko juji, dole a yi masa matakala, wato a fara da faɗi a sama ana tsukewa, ko a tokare shi da katako. Wanda yake son mita 2 da 2 a zurfin mita biyar, to da 6 da 6 ko fiye zai fara a sama. Ƙasar da aka kwashe a tara ta nesa da baki da fiye da mita guda, nauyinta ne ke tura bango. Kuma kada a tara ta a gefen da wataƙila za a faɗaɗa, a dawo ana kwashe ta sau biyu.

Ɗan Dilimi: To shekarun fa? Yaya ake sanin ganuwa ta ƙarni kaza ce?

Dokta Uwani: Ganuwa kanta ba ta gwaduwa, ƙasa ce. Yanka ta ake yi a gicciye har a kai tsohuwar fuskar ƙasa da aka ɗora ta a kai. Abin da aka samu a ƙarƙashinta ya riga ta, don haka yana cewa an gina ta bayan lokaci kaza. Abin da ya taru a gindin gwalalo ya zo bayan haƙa shi. Tsakanin biyun nan shekarun suke. Gawayin da ke cikin jikin ganuwar kuwa tarko ne, don magina daga tsohon juji suke ɗibar ƙasa. Ga kuma gyara: ganuwar Kano, wadda rubutaccen tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara, an faɗaɗa ta an yaɓe ta sau da yawa a zamunan sarakuna daban-daban. Yanka ɗaya labarin wurin da aka yanka kaɗai yake bayarwa.

Gwajin kabon-14 yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa. Rabin sinadarin yana ƙarewa duk shekara 5,730, da haka ake lissafin lokacin mutuwar abin. Lura da kyau, lokacin mutuwa, ba lokacin amfani ba. In an ƙona tsakiyar tsohuwar bishiya ko azarar da aka cire daga rusasshen gida, gawayin zai girmi wutar da ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa ƙwayar gero da ta ƙone ta fi gawayi daraja, shekara ɗaya ta yi a duniya, kuma na'urorin yanzu ƙwaya guda ta ishe su. Samun ta kuwa, ana ɗibar ƙasa lita 10 zuwa 20 daga kowane shimfiɗi mai lamba, a zuba a ruwa a dama, abin da ya ƙone ya taso, a tace da ƙyalle mai ƙanƙanan ido, a shanya a inuwa. Da haka aka tabbatar gero ne babban abincin mutanen Nok. Samfuri da cokali ake ɗauka, a naɗe a takardar alminiyom, a tabbata ya bushe, kada lema ta sa ya yi fumfuna.

Akwai wata matsala da ba laifin kowa ba. Tsakanin shekara 800 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ma'aunin da ake gyara sakamako da shi ya kwanta, sai abubuwan da ke da tazarar ƙarni uku su ba da amsa kusan ɗaya. Nan ne kuwa tsakiyar zamanin gumakan Nok da farkon narka ƙarfe. Duk gardamar wane ya riga wane a ƙarfe, rabinta daga nan take. Kuma sakamako ɗaya ba hujja ba ne, ana son jeri daga ƙasa zuwa sama da suka bi juna. Kowane ɗaya da dala ake biya a ƙasar waje, don haka zaɓen goman da za a aika daga cikin ɗari shi ma hukuncin farfesa ne.

Alhaji Bukur: Ni abin da ke damuna shi ne kaburbura. Tsohon birnin Musulmi cike yake da su. Gazargamu, tsohon babban birnin Borno, tun ƙarni na 15 har faɗuwarta a 1808 birnin malamai ce. Wa ya ba wani izinin ɗaga ƙashin kakan mutane don ya rubuta maƙala?

Malam Na Gangare: Tambayar tana kan hanya, Alhaji. Abin da masu hankali ke yi shi ne, maƙabartar da aka sani ba a kusantar ta tun a taswira. In an ci karo da kabari ba zato, kwanciyar tana nuna kanta: a gefen dama, fuska gabas, babu kaya tare da shi. A tsayar da aiki a wurin, a rufe, a sanar da dagaci da liman, a rubuta inda yake, a karkata rami. Wannan yarjejeniya tun a fada ake ƙulla ta, ba ranar da ƙashi ya fito ba.

Kaburburan da aka binne da kaya su ne ake muhawara a kansu. Durɓi Takusheyi a ƙasar Katsina misali ne. Palmer, Baturen mulkin mallaka, ya tona wasu tuddan a 1907 da salon zamaninsa. A 1992 aka koma tare da masana daga Jamus da hukumar, da yardar masarauta, aka ɗauko kaburbura da ƙasarsu gaba ɗaya, daga baya aka buɗe a ɗakin gwaji, aka samu tasoshin ƙarfe, da wuri, da hauren giwa, da zinariya, abin da ya nuna sarautar ƙasar Hausa tana da hannu a fatauci mai nisa tun ƙarni na 14 zuwa 15. Ko ilimin ya kai a taɓa mamaci, wannan ba farfesa kaɗai zai yanke ba.

Alhaji Bukur: Ban gamsu duka ba, amma na ji. Yardar fada daban, yardar zuriya daban.

Ɗan Naraguta: Bari in dawo da mu kan tsingaro, don shi ne kashi mafi yawa na abin da birni ke bayarwa, buhu-buhu. Ana wanke shi da buroshi mai laushi, a shanya, a ƙirga, a auna nauyi, a ware baki da gindi da mai ado, a rubuta lamba a jikin kowane muhimmi. Wanda ke da baƙin ƙamo a ciki ba a wanke shi. Daga irin wannan nazari na abin da tukunya ta tsotsa aka gano a 2021 cewa mutanen Nok suna amfani da zuma, ga shi ƙasar yankin mai tsami ce ta cinye ƙasusuwa, ba don tukwanen ba da ba a san abin da suke ci ba sosai. Abin da ke kashe aiki ba wani babba ba ne, lamba ce. Rubutun alƙalamin maka a jikin leda rana tana goge shi cikin makonni, takarda a ciki gara da lema suna cinye ta. A yi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, a kan abin da ba ya jiƙa. Kada a ɗaure leda tsingaro bai bushe ba. Kada kuma a liƙa fasasshiyar tukunya da gam na kasuwa, sai wanda ake iya narkarwa a sake, irin Paraloid B72.

Dokta Uwani: Kuma kada a raina ƙaramin rami. A 1977 Roderick da Susan McIntosh suka buɗe 'yan ramuka a Jenne-jeno ta ƙasar Mali, suka bi jerin tukwane da gwajin kabon, suka nuna an zauna wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya girma ya kai hekta 33 kafin fataucin Larabawa ya kankama. Hakan ya rushe zaton cewa baƙi ne suka kawo mana birni. Irin wannan jerin tukwane mai shekaru shi ne har yanzu ƙasar Hausa ke buƙata. Kufena, Turunku, Dala, Surame, an taɓa su nan da can tun zamanin John Sutton a Zariya a shekarun 1970, amma a ɗauki tsingaro daga Kano a ce na ƙarni kaza ne da tabbaci, da sauran aiki. A ganina farfesan da ya ba da shekara goma ga wannan ya fi wanda ya samo gunki ya shiga jarida.

Malam Na Gangare: Shekara goma kuɗi take so. Aikin Nok na Jami'ar Frankfurt ƙarƙashin Peter Breunig ya samu tallafin shekara goma sha biyu, daga 2009 zuwa 2021, daga hukumar bincike ta Jamus. Namu kuwa yawanci tallafin TETFund ne, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na zango ɗaya, ya ƙare a mota da abinci da lebura, ba a bar komai don gwaji da bugawa ba. Mai tsara kasafi da hankali yana ware rabi ko fiye don bayan tono. Ga tsaro: a Fabrairun 2017 aka sace Breunig da abokin aikinsa a yankin Kagarko na jihar Kaduna, aka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawu, kuma aikin fili a wurin bai koma yadda yake ba. Ga 'yan haƙar sata, waɗanda suka lalata wuraren Nok da na Kwatarkwashi ta Zamfara da yawa. Lebura da ka koya wa gane wuri, in ka tafi ba ka bar komai ba, dillali zai same shi. Don haka mai gadi da dare, da nuna wa mutanen gari abin da aka samu kafin a tafi da shi, suna cikin aikin.

Ɗan Dilimi: Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: manomi ko mai haƙar kuza ya ci karo da wani abu, me zai yi?

Baba Safiyo: Ya bar shi inda yake. Ya ɗauki hoto da wani abu a gefe don a gane girma, ya riƙe lambar wurin a waya, ya mayar da ƙasa a kai, ya sanar da dagaci da gidan tarihi mafi kusa. Kada ya wanke, kada ya kankare tsatsa, kada ya haɗa fasassu. In itace ne a cikin lema, kada ya bari ya bushe, tsagewa zai yi. Kwalekwalen Dufuna a Yobe, mai tsawon mita 8.4 da shekara kusan 8,000, makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a zurfin mita biyar. An kai labari ga hukuma, Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri ya fara dubawa, sai a 1994 aka tone shi bisa ƙa'ida tare da Jamusawa. Sayar da irin waɗannan kaya ga wanda hukumar ba ta amince da shi ba laifi ne a dokar 1979, haka ma fita da su daga ƙasa ba izini. Ga mutanen Jos, ofishin yana cikin harabar gidan tarihi, kusa da gidan zoo.